Ƙarfin gida a wasan zari-ruga: daga ina yake zuwa, kuma yaya baƙo zai yi da shi?

"Malam, ina kula da wasu samari masu wasan zari-ruga a nan Tawa. Duk wanda ya zo filinmu sai ya sha wuya, amma sau biyu muna zuwa Yamai ana cinye mu, alhali yaran nan su ne dai, ban canza ko ɗaya ba. Wasu iyaye sun ce alƙalan wasa ne ke goyon bayan ƴan gida, wasu sun ce asiri ne. Mece ce gaskiyar wannan ƙarfi na gida, kuma yana da magani?"

Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko da gaske mai wasa a gida yana da rinjaye, ta wace ƙofa rinjayen ke shigowa, sannan me mai tafiya zai yi ya rage shi. Na yi wasan nan da ƙuruciyata, na horar da yara a Yamai, na kuma hura usur shekaru da dama, don haka na ga abin daga cikin fili, daga bakinsa, da kuma daga tsakiyarsa inda kowa ke jin haushinka. Amsata a taƙaice ita ce ƙarfin gida gaskiya ne, sai dai bai kai girman da ake ba shi ba, kuma kaso mai yawa daga cikinsa baƙo ne ke miƙa wa mai gida da hannunsa.

Girman abin

Hukumar zari-ruga ta duniya ta yarda da shi. Lokacin da ta fara jera ƙasashe bisa ƙarfinsu a 2003, ta gina lissafin ne da ƙara wa mai masaukin baƙi maki 3 a ma'auninsa kafin a fara wasa. Ma'ana, ana ɗaukarsa ya fi yadda yake ƙarfi da ɗan kaɗan, don haka in ya ci a gida ladarsa ba ta kai ta wanda ya je garin wasu ya ci ba. Lura da cewa tazarar da ke tsakanin manyan ƙasashe da ƙanana a wannan ma'auni takan haura maki talatin. Uku a cikin wannan ba ya mayar da rago gwani. Abin da yake yi shi ne raba gardama tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya zo kusa da juna.

Misalin da kowa ke fara kawowa shi ne filin Eden Park na birnin Oklan. Faransa ta doke Niyu Zilan a can da ci 23 da 20 a watan Yuli na 1994, daga nan aka shafe sama da shekara talatin ba wanda ya sake cin All Blacks, wato ƙungiyar Niyu Zilan, a wannan fili. A Faransa kuma ƙungiyar Clermont ta ci wasa 77 a jere a filinta na Marcel-Michelin, daga 2009 har zuwa watan Mayu na 2014 da Castres ta zo ta katse mata. Amma a yi hattara da irin waɗannan alƙaluma. Waɗannan ƙungiyoyi ne da ko a jeji aka kai su za su ci mafi yawan wasanninsu. Gida ya ƙara musu ne a ranakun da wasa ya tsaya a kan siraɗi, kamar wasan ƙarshe na kofin duniya na 2011 da Niyu Zilan ta ci Faransa 8 da 7 a wannan Eden Park ɗin.

Misalin da ya fi kama hankalina namu ne na nan gida, ko da yake na ƙwallon ƙafa ne. A wasannin neman zuwa kofin Afirka na 2012, Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta ci duk wasanninta uku na gida a filin Seyni Kountché na Yamai: Masar 1 da 0, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Ta fita waje sau uku, aka cinye ta sau uku, ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba. Da waɗannan maki tara na gida muka je kofin Afirka karo na farko. Ka ga ciwon da ke damun yaranka ya taɓa kama manya.

Mai usur a tsakiyar hayaniya

Iyayen da suka ambaci alƙalin wasa sun taɓo wani abu na gaskiya, amma sun sa masa sunan da ba nasa ba. Suna nufin son kai. Ni kuwa a duk shekarun da na yi cikin wannan aiki, abin da na fi gani shi ne mutum mai gaskiya da ƙarar jama'a ta rinjaya bai sani ba.

Zari-ruga ya fi yawancin wasanni ba alƙali damar yin hukunci da ganinsa. Ɗauki mele, turereniyar nan ta mutum takwas da takwas. Idan ta rushe, akwai ƴan gaba shida da kowannensu zai iya zama sanadi: wani ya saki riƙo, wani ya tura a karkace, wani ya nutsar da kafaɗa ƙasa da ƙugunsa. Alƙali yana tsaye a gefe ɗaya, ɗaya gefen ba ya ganinsa. Haka abin yake idan aka kayar da mai ƙwallo aka taru a kansa. A cikin daƙiƙa biyu sai ka yanke ko wanda ya kayar ya sake shi ya mirgine, ko wanda aka kayar ya saki ƙwallo, ko mai neman ƙwacewa yana kan ƙafafunsa, ko ya shigo ta bayan ƴan'uwansa kamar yadda doka ta ce. Sau da yawa laifi biyu ne ke faruwa a lokaci guda, ɗaya daga kowane ɓangare. Wanda idonka ya fara sauka a kai shi za ka hura. To me ke jan ido? Ihun mutane. In baƙo ya kwanta a kan ƙwallo, fili duka ya ɗauki kuwwa. In ɗan gida ya yi irin wannan, shiru kake ji.

An gwada wannan a Ingila a 2002 da alƙalan ƙwallon ƙafa arba'in. Aka nuna musu hoton bidiyo na wasa ɗaya, wasu da ƙarar ƴan kallo, wasu babu sauti. Waɗanda suka ji ƙarar sun hura wa ƴan gida laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari. Ba wanda ya ba su ko dala, ba su ma cikin filin.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau yana damuna. Wasan matasa ne a nan Yamai, saura minti kaɗan a tashi, tazarar maki biyu. Mele ta rushe a gaban ƴan kallon gida, suka yi ca, na ɗaga hannu na ba ƴan gida penalti, suka buga ta shiga. Da dare wani ya nuna mini abin da ya ɗauka da wayarsa, na ga ƙarara ɗan gida ne ya fara kai gwiwa ƙasa. Ban yi niyyar cutar kowa ba, amma yaran da suka yi doguwar tafiya sun koma da baƙin cikin da ba su cancanta ba. Tun daga ranar, in mele ta rushe ban ga mai laifi da idona ba, sai in sa a sake ta, ko da fili zai tsage da ihu.

Dalilin da ya sa wannan ke da nauyi a wasanmu shi ne tsadar penalti. Bugu ɗaya maki 3 ne. In ba a buga raga ba, a harba ƙwallo waje kusa da layinku, kuma su ne za su jefa tush, wato jifan dawo da ƙwallo cikin fili daga gefe, daga nan su dunƙule su turo ku har su dangwala, maki 5, da bugun ƙari maki 2. In laifi ya yi ta maimaituwa, katin gargaɗi ya fito, ku yi minti goma da mutum goma sha huɗu. Hukunci biyu ko uku na kokwanto da suka karkata gefe ɗaya sun isa su juya wasan da ƙarfi ya zo ɗaya. Shi ya sa a wasannin ƙasa da ƙasa ake kawo alƙali daga ƙasa ta uku, aka kuma ƙara mai duba bidiyo. Hakan ya rage matsalar, bai kashe ta ba, domin kunnen alƙali yana tare da shi ko daga ina ya fito.

Shekarar da filaye suka zama wayam

Annobar korona ta yi mana gwajin da ba wanda zai iya shiryawa. A gasar ƙasashe shida ta Turai ta 2021 an yi wasanni babu ɗan kallo ko ɗaya. Sikotlan ta je Twickenham, filin da ke ɗaukar mutum 82,000, ta ci Ingila 11 da 6, karo na farko a can tun 1983. Ta je Paris ta ci Faransa 27 da 23, karo na farko tun 1999. Faransa ita ma ta ci Ailan a Dublin 15 da 13, abin da rabonta da shi tun 2011. Katangu uku da suka daɗe a tsaye suka faɗi cikin wata biyu. Adalci ya sa in ƙara da cewa Sikotlan ta koma Twickenham a 2023, fili cike maƙil, ta sake ci 29 da 23, wato ƙungiyar ma ta yi ƙarfi a lokacin. Ni ina ganin nasarar farko ce ta buɗe ƙofar ta biyu: sun je babu hayaniya, sun gane filin ciyawa ce kamar kowace ciyawa, tsoron ya fita daga ransu.

A Afirka, wanda ke son ganin abin da jama'a ke iya yi ya dubi Madagaska, inda zari-ruga wasan talakawa ne. A 2012 a filin Mahamasina na Antananaribo, gaban dubban mutane, suka ci Namibiya 57 da 54, alhali Namibiya ce ta je kowane kofin duniya daga 1999 zuwa 2023. A wasan da ake haɗa jiki, ihun naka yana sa ka tashi daga ƙasa da wuri, ka sake kai kafaɗa lokacin da jiki ke cewa ya isa.

Hanya, iska da ƙasa

Akwai kason da babu ruwansa da zuciya. Filin Ellis Park na Johanasbag yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,750 daga teku. Iskar can ba ta da kauri, baƙo yakan ji huhunsa na ƙuna a minti ashirin na ƙarshe, ƙwallo kuma yana tafiya nesa fiye da yadda ya saba. A Firitoriya, wadda ita ma kan tudu take, Morné Steyn ya buga penalti daga bayan layin tsakiya a daƙiƙar ƙarshe a 2009, Afirka ta Kudu ta ci Lions, tawagar haɗin gwiwar Birtaniya da Ailan, 28 da 25. Ɗan wurin ya san daga ina ƙafarsa ke kaiwa, baƙo kuwa yana yin laifi a inda yake zaton babu haɗari.

Mu ba mu da tudu irin wannan, amma muna da hanya. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Yaro ya tashi kafin asuba, ya wuni a naɗe cikin kar, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa, ya ci abin da ya samu a tasha, ya kwana a ɗakin makaranta da sauro, washegari a ce ya tura mele da rana tsaka. Abokin karawarsa ya kwana a shimfiɗarsa, ya karya da abin da cikinsa ya sani. In ka tambaye ni, a irin wasanninmu na cikin ƙasa wannan ya fi alƙali tasiri nesa ba kusa ba. Sannan ga ƙasar filin. Wanda ya saba da rairayi mai laushi yakan yi ɗari-ɗari da kayarwa a kan tsandauri mai tsakuwa, kuma ɗari-ɗari a wajen kayarwa shi ke kawo rauni. Damina a bakin kogin Kwara tana zuwa da gumi mai sa ƙwallo santsi, hunturu kuma yana zuwa da iska mai karkatar da jifan tush. Mai gida ya san ta ina take kaɗawa da la'asar.

Abin da baƙo ke bayarwa da kansa

Nan ne na fi son ka tsaya. A gasar Top 14 ta Faransa akwai daɗaɗɗiyar al'ada: kare gida wajibi ne, cin waje ƙari ne. Ƙungiyoyi kan ajiye manyan ƴan wasansu su huta, su tura na biyu zuwa waje, burinsu kawai kada a ci su da tazarar da ta wuce maki 5 don su samu makin lallashin nan guda na wanda ya sha kaye da ƙyar. Sai alƙaluma su nuna gida yana da ƙarfi, shekara mai zuwa kowa ya ƙara yarda, a sake yin haka. Imanin ne ke haifar da hujjarsa.

Yaranka ma haka abin ke shiga musu. An ci su sau ɗaya a Yamai, aka dawo ana cewa alƙali ne, ana cewa an binne wani abu a fili. Karo na biyu sun shiga suna jiran zalunci. Usur na farko da bai yi musu daɗi ba, sai a fara ɗaga hannu ana gardama, alƙali ya ƙara musu mita goma baya kamar yadda doka ta ba shi dama, su kuma su ce ga shi nan an fara. Game da asiri, ba na raina damuwar iyaye, amma abin da na gani da idona shi ne tsoronsa yana kashe ƙafar yaro tun kafin a taɓa shi. Ku yi addu'arku tare kafin a fita, ku dogara ga Allah, kada wani babba ya ƙara ambaton wannan magana a gaban yara.

Kuma gida ma yana da nasa nauyi. Ƙasashen da suka ɗauki kofin duniya a gaban jama'arsu akwai su: Niyu Zilan a 1987 da 2011, Afirka ta Kudu a 1995 a Ellis Park, ranar da Nelson Mandela ya miƙa kofin sanye da rigar ƙungiyar. Japan ta ci Ailan da Sikotlan a gidanta a 2019 ta kai zagayen ƴan takwas karo na farko. Amma Ingila a 2015 ko rukuni ba ta fita ba, Wels da Ostireliya suka cinye ta a Twickenham. Faransa ta sha kashi hannun Ajantina 17 da 12 a wasan buɗe gasar 2007 a gidanta, a 2023 kuma Afirka ta Kudu ta fitar da ita da maki ɗaya, 29 da 28, a Stade de France. Gasar Afirka ta 2025 a Kampala ta Yuganda aka yi ta, amma Zimbabuwe da Namibiya ne suka yi wasan ƙarshe, Zimbabuwe ta ci 30 da 28 ta samu gurbin kofin duniya na 2027. Kai da kake Tawa ka san wannan daga kokowa: a garinku aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, amma Kantu na Maraɗi ne ya yi nasara. Ɗan kokowar da ya shiga fili gaban iyayensa da makaɗan garinsu wani lokaci kirarin ne ke sa shi gaggawa. In baƙo ya daure rabin sa'ar farko, ƴan kallo sukan fara gunaguni, kuma gunagunin naka ya fi ihun abokin gaba ciwo. A watan Agusta na 2025 Afirka ta Kudu ta yi gaba da 22 da 0 a Ellis Park, Ostireliya ta dawo ta ci 38 da 22, nasararta ta farko a wannan fili tun 1963.

Abin da zan yi in ni ne kai

Kuɗin da kuke da shi, fara kashe shi a kan kwana ɗaya na ƙari kafin sabbin riguna. Ku iso kwana biyu kafin wasa in da hali. In babu, ku iso da rana, yara su sauka su yi tafiya da miƙe jiki na rabin sa'a kafin su zauna. Kowane yaro da gorar ruwansa a cikin kar, a roƙi direba ya tsaya. Ku zo da gidan sauro, ku ci abin da kuka saba, ranar wasa ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Ku je filin tun jajibiri, a daidai lokacin da za a yi wasan, mai bugunku ya buga goma daga kowane gefe, mai jifan tush ya ji iska, kowa ya faɗi ƙasa sau biyu ya san taurinta.

A wajen horo, ka riƙa hura usur da gangan a kan waɗanda ba su yi laifi ba, kana gaya musu tun farko cewa za ka yi. Wanda ya buɗe baki, ƙungiyarsa ta koma baya mita goma. Cikin mako uku za ka ga bambanci. Kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, da ladabi, kuma tambaya yake yi: me kake so mu gyara? Alƙali mutum ne, yaron da ya tambaye shi haka yakan samu amsa mai amfani. Ka koya musu nuna tsabtarsu a fili: wanda ya kayar ya buɗe hannuwa a gani ya mirgine, layin tsaro ya tsaya taki guda bayan inda doka ta ce. A gida za ka iya wasa a bakin doka, a waje ka bar wa kokwanto wuri. Alamomin tush kuma a mayar da su na hannu, don hayaniya tana cinye murya.

Minti ashirin na farko ku buga ƙwallo zuwa yankinsu, kada ku yi ta miƙe-miƙe a gaban ragarku. Duk penalti da ya zo inda ƙafar mai bugunku ke kaiwa, ku karɓi ukun. Maki uku na farko na baƙo yana rage ƙarar fili fiye da duk wani abu da na sani.

Iyakar maganata ke nan: ban ga wasanninku biyu ba, kuma duk abin da na lissafa yana aiki ne idan tazarar ƙarfi kaɗan ce. In da maki talatin ake cin ku, gida ba shi ne matsalar ba. Ƙungiyoyin Yamai sun fi samun abokan karawa, suna wasa a kai a kai, kuma yaron da ya yi wasa goma a shekara ya fi wanda ya yi uku sanin abin yi in an matsa masa. Don ka gane wanne ne naku, ka ba wani babba littafi a wasa na gaba ya rubuta abu uku: penalti nawa aka hura muku da irin laifin, a wane minti aka ci ku kowane maki, da kayarwa nawa kuka kuskure. In makin sun taru a minti ashirin na ƙarshe, hanya ce da ruwa da barci. In penalti ne suka yi yawa tun farko, ladabi ne da tsoro. In kuwa kayarwa ce ake kuskurewa daga farko har ƙarshe, aikin yana filinku na Tawa. Ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, mu duba tare. Sannan ka nemi waɗanda suka ci ku su zo Tawa ramuwa, su ma su yi wannan tafiya ta kilomita 500, a rubuta nasu alƙaluman a littafin guda.